Zane Uku a Haƙorin Kifin Dutse

Shekara arba'in da ɗaya Mai Haƙori ya yi yana cusa hannu a bakin mutane, kuma sau biyu kacal aka taɓa cizonsa. Na farko wani ƙaton ɗan dako ne mai wuya kamar turmi, ya rufe baki bisa kuskure, ko shaida bai bari ba. Na biyu wata 'yar tsamurarriyar tela ce wadda iska mai ƙarfi za ta iya kayarwa. Ita ce ta datse masa babban yatsa har ƙashi, tabon yana nan har gobe. Tun daga ranar ya daina duban girman mutum kafin ya ce masa ya buɗe baki.

Sana'arsa haɗa haƙoran roba. Shagonsa ɗaki ɗaya ne a bayan asibitin haƙori na layinsu, da taga guda mai kallon bangon maƙwabta. A ciki akwai tebur mai faɗi da fitila mai lanƙwasasshen wuya, da injin gurza, da gwangwanayen madara jere a kan kanta, kowanne cike da haƙora. Ƙurar filasta, farin garin da yake zuba awon haƙora da shi, ta zauna a kan komai, har girarsa. Mutum zai shigo yana magana da hannu a baki, bayan mako guda ya fita yana yi wa har wanda bai sani ba dariya.

Amma fa matsoraci ne, a faɗi gaskiya. Yana tsoron kare, yana tsoron tsallaka babban titi, yana tsoron duk takardar da aka buga wa hatimi. In ya ga mai kaki ya nufo layin, sai ya fara tuno laifin da bai yi ba. Wuri ɗaya ne tak a duniya da ba ya jin tsoron kowa, wato gaban teburinsa. A nan kam har girman kai gare shi. Likita mai digiri uku zai aiko masa da awo, ya ɗaga ya duba ya ce a mayar, wannan ba bakin ɗan Adam ba ne.

Sirrin aikinsa a wurin maigidan da ya koya masa ya gada. Tsohon yakan ce haƙorin da ya cika kyau maƙaryaci ne, kowa ya gan shi ya san bai taɓa tauna komai ba. Saboda haka in an gama haƙori, an goge shi yana ƙyalli, sai a ɗauki tsinin allura a yi masa zane uku kusa da baki: biyu a jere, na uku a karkace. Ido ba ya ganinsu, amma haske in ya sauka a kai sai ya karye, haƙorin ya yi kama da wanda ya ci duniya. Mai Haƙori bai taɓa faɗa wa kowa ba. Da shekaru suka tura ma ya daina sanin lokacin da yake yi, hannunsa ne kawai ke yi, kamar mai kulle ƙofa da sai ya yi nisa yake tambayar kansa ko ya kulle.

A shagon nan ya samu mata. Tana 'yar shekara goma sha tara ta faɗo daga matakala, haƙorin gaba na sama ya fita. Kawunta ya kawo ta, gyale a baki. Da ya gama mata ta dubi madubi, ta juyo ta ce ya rantse ba zai faɗa wa kowa ba har abada, ko da 'ya'yan da za ta haifa ne. Ya rantse, bai san 'ya'yan nasa za su zama ba. Sau huɗu ya sabunta mata haƙorin a zaman aurensu, kowane karo yana ɗan rage masa fari don ya tsufa tare da 'yan'uwansa. Sai ta kulle ɗaki take cire shi ta wanke. Yara huɗu suka tashi a gidan suna yabon haƙoran uwarsu.

Uku daga ciki kowa ya kama gabansa, ba wanda ya waiwayi filasta. Auta ce kaɗai ta girma a ƙarƙashin teburin, tana jera haƙoran da suka lalace tana yi musu makaranta. Da ta shiga jami'a sai ta zaɓi karatun ƙasusuwan dabbobin da suka ƙare tun kafin a yi mutane. Ubanta bai gane amfanin abin ba, amma duk wanda ya zauna a kujerarsa, baki buɗe ba halin amsawa, sai ya sha labarin 'yarsa mai neman digiri na uku.

Wata Litinin da hantsi ta shigo shagon rungume da ƙaramin akwatin katako. Ta share tebur da kanta, ta buɗe, ta yaye auduga. Wani guntun dutse ne baƙi-baƙi, tsawonsa bai kai tafin hannu ba, da haƙora uku a tsaye a kansa, masu faɗin gindi da tsinin kai.

“Muƙamuƙin kifi ne, Baba. Ya yi miliyoyin shekaru a ƙasa har ya zama dutse. Iyakar abin da aka samu ke nan, babu na biyunsa a ko'ina.”

Ya jawo fitila ya sunkuya. Haƙora ne na gaske, ya yarda da wannan.

“Duka-duka kifin bai wuce kilo goma ba,” in ji ta. “Amma ina zaton in aka gwada cizonsa da girman jikinsa, ya fi na manyan kifayen teku masu haɗiye mutum. Abin da ba a sani ba shi ne, nama kawai yake yanka ko har ƙashi yake fasawa.”

Ya ɗaga mata babban yatsansa mai tabo. “Wannan kuma sai an je jami'a? Da kin tambayi tela.”

Ta yi dariya, sannan ta yi masa bayani. So take a ɗauki awon haƙoran a zuba kwafi biyu: ɗaya na farar filasta mai laushi da za ta riƙa dubawa da madubin ƙara girma, ɗaya kuma a kai wa masu zubin ƙarfe su fitar da na ƙarfe, a ɗaura a inji a danna a kan ƙashi a ga ƙarfin da yake buƙata. Gidan tarihi ya ba ta aron dutsen na kwana biyar, ta sa hannu a takarda, malaminta ya tsaya mata. Akwai mai yin irin wannan awo a jami'a, amma ta ce musu ba ta yarda da hannun kowa ba sai na ubanta.

Ta ajiye masa gwangwanin wani ruwan roba da takarda mai layi goma sha biyu. A shafa wannan tukuna, a zuba wancan a hankali, a bar shi yini guda da kwana, sannan a ɓare shi kaɗan-kaɗan kamar ɓawon dafaffen ƙwai.

“Ka karanta fa, Baba.”

“Auta, tun ba a haifi wanda ya rubuta takardar nan ba nake ɗaukar awo.”

Tana fita ya ɗora kofin shayinsa a kan takardar. Yini da kwana a kan haƙori uku, shi da yake ɗaukar baki guda cikin minti uku? Ya ce bari ya fara gwadawa da nasa kwaɓin, ya ga yadda abin zai fito, in ya so a yi nata daga baya. Ya kwaɓa, ya danna, ya jira ya kama. Kwaɓin masu haƙori dokarsa ɗaya ce: ba a jan sa a hankali, sai ya miƙe ya ɓata awo. Fizga ɗaya ake yi masa. A bakin mutum akwai yawu da ke hana shi mannewa, akwai dasashi da ke riƙe da saiwa. Dutse ba shi da ko ɗaya. Kansa ya san haka sarai, amma hannun da ya yi shekara arba'in yana fizga bai tsaya shawara da kai ba.

Ƙarar ba ta fi ta karyewar tsinken ashana ba.

Ya daɗe a tsaye bai duba ba. Da ya duba, haƙorin tsakiya ba shi da kai. Tsinin yana can cikin kwaɓin, ya rabu gida huɗu, da ɗan gari. Ya zauna, ya tashi, ya je ya sa wa ƙofa sakata da rana tsaka, abin da bai taɓa yi ba. Zufa ta riƙa bin bayansa har ƙugu. Ba gidan tarihi yake gani ba, ba 'yan sanda ba, duk da su ma sun zo masa a rai. Sa hannun Auta yake gani a ƙasan takarda, da fuskarta lokacin da ta ce ba ta yarda da hannun kowa ba.

Ya tsince guntayen da hantsaki ya gwada haɗa su. Suka ƙi zama, wani ma ya nemi ƙara marmashewa. Ya zuba su a audugar cikin kwalin ashana, har garin, ya tura can bayan gwangwanaye. Sai wata murya a zuciyarsa ta ce, to kai mene ne aikinka? Mutum nawa suka shigo nan da giɓi suka fita babu?

Kwana biyu ya yi a kai. Awon farko, duk da ɓarnar da ya yi, ya riƙe siffar haƙorin, sai dai wurin tsinin ya ɗan yage. Ya cike da ƙwaƙwalwa da ido. Ya haɗa garin cike haƙori da toka da ɗigon shayi mai kauri har launin ya zauna daidai da na dutsen. Ya gina kan, ya gurza, ya goge. Da ya ɗaga shi a hasken taga, shi kansa sai da ya lalubi wurin haɗin da farce. Bai taɓa yin aiki mai kyau irin wannan ba, kuma ba wanda zai iya nuna wa.

Daga nan ya ɗauke kofi daga kan takardar, ya bi layi goma sha biyu ɗaya bayan ɗaya kamar ɗan firamare. Awo ya fito tas. Ran Juma'a Auta ta zo, ta ga kwafin filasta, ta ce, “Na faɗa musu.” Ma'ajin gidan tarihi ya buɗe akwati, ya ƙirga haƙora uku, ya rufe, ya mayar cikin kabad. Mai Haƙori ya ce wa kansa magana ta mutu.

Ba ta mutu ba. Kullum in ya buɗe shago idonsa sai ya fara zuwa bayan gwangwanaye. In waya ta yi ƙara ya ga Auta ce, sai ya bari ta katse, ya sha ruwa, sannan ya kira.

Bayan wata biyu ta gayyace shi ya ga gwaji. Ya sa rigarsa mai kyau ya bi ta cikin wani dogon gini mai warin magani, yana gaida har masu shara. A ɗakin akwai inji mai tsayin mutum, an ɗaura haƙoran ƙarfen a hannunsa na sama, suna ƙyalli. A ƙasa an ɗaure ƙashin ƙafar saniya. Auta ta danna maɓalli. Haƙoran suka fara saukowa a hankali, a hankali, har mutum ya ƙosa. Na tsakiya ne ya fara taɓa ƙashin, wato nasa. Lambobi suka riƙa gudu a allo. Ƙashin ya yi ƙara, ya yi shiru, sannan ya tsage da wani sauti da ya ji har cikin turamen haƙoransa. Ya ɓoye babban yatsansa cikin tafin hannu.

“Ka gani, Baba? Ƙarfin da na lissafa daga kaurin muƙamuƙinsa ya isa ya yi wannan, da ƙyar amma ya isa. Abin da bai fi ɗan akuya ba.”

Ya juya ya dubi Auta. “To da a ce tsinin nan ya ɗan fi haka kaifi, ko ya ɗan fi haka dakushewa, kamar da ƙwayar shinkafa?”

“Ai da lissafin duka ya canza. Komai a kan tsinin yake.” Ta dube shi tana murmushi. “Shi ya sa na kawo maka.”

A hanyar gida ya tsallaka babban titi bai duba hagu ko dama ba, sai da wani direba ya zage shi ya farga.

Ya yi zaton iyakar azabar ke nan. Wata Asabar da la'asar suna zaune a tsakar gida, shi da matarsa, Auta ta shigo da gudu-gudu, takalmi ma ba ta cire daidai ba. Ta shimfiɗa wani babban hoto a kan tabarma. Kan haƙorin tsakiya ne daga kwafin filasta, an ƙara girmansa har ya kai tulu.

“Umma, Baba, ku duba nan. Shekara arba'in dutsen nan yana kabad ba wanda ya lura. Tsofaffin hotunan duk dishi-dishi ne. Kun ga waɗannan layukan?”

Ya gani. Biyu a jere, na uku a karkace.

Bai tuna lokacin da ya yi su ba. Ya nemi abin a kansa, babu. Ya tuna toka, ya tuna shayi, ya tuna hasken taga, amma allura ba ta zo ba. Ga su dai a kan tabarma, kowanne da tsawon yatsa, rubutun hannunsa ne kamar yadda mutum ke gane tafiyar ɗansa daga nesa.

“Nama ba ya karce haƙori haka,” Auta ta ci gaba. “Sai abu mai tauri. Injin ya nuna zai iya fasa ƙashi, wannan kuma ya nuna ya fasa ɗin. Malamina har tashi tsaye ya yi. Ran Litinin ta sama zan gabatar a babban taro, kuma tsohon farfesan da ya tono dutsen da hannunsa zai zo. Kwana tara ya rage.”

Uwar ta rungume ta tana sa albarka. Shi ma ya ce Allah ya sa albarka. Garin neman gira ya rasa ido, kuma ba idonsa ba ne ma, na 'yarsa ne.

Kwanakin nan tara ba ya son tuna su. In ya yi shiru, za ta tsaya gaban manyan masana ta rantse da zanen allurarsa, wata rana wani ya buɗe kabad ya sa madubi a kan dutsen na ainihi, ya ga garin cike haƙori. Ba za a ce mai haɗa haƙori ya yi ba, za a ce ita ta ƙirƙira don ta samu digiri. In kuma ya yi magana, shekara uku na aikinta ya zube, ta koma gidan tarihi ta ce abin da ta sa hannu ta karɓa lafiya ta mayar da shi a karye. Ya auna wannan ya auna wancan, kowanne ya ɗaga sai ya ji ɗayan ya fi sauƙi.

Sau biyu yana kiran ta don ya faɗa. Na farko ya ƙare da tambayar ko tana cin abinci. Na biyu ya ce kuskure ne, wani yake nema. A shago ya sa wa wani tsohon direba haƙoran wata mata, mutumin ya dawo yana tambaya ko bakinsa ne ya kumbura. Abinci kuwa sai ya tsakura ya ture.

Ran Alhamis da safe matarsa ta tsare shi a bakin ƙofa, ya riga ya sa hula.

“Malam, ruwa ba ya tsami banza. Tun ranar hoton nan ba ka kalli yarinyar nan a ido ba. Zauna.”

Ya zauna, ya faɗa mata duka, yana kallon ƙasa. Ya ɗauka za ta yi salati ta ɗora hannu a ka. Ba ta yi ba. Sai ta taɓa leɓenta na sama da yatsa.

“Yau za ka faɗa mata,” ta ce. “A shago, inda ka yi. Ni ma zan zo.”

Auta ta iso da azahar, jakar kwamfuta a kafaɗa, tana cewa minti ashirin kawai gare ta. Ya ba ta kujerar masu awo. Ya fara daga takardar da ya ɗora wa kofi, ya bi ta kan fizgar, ya zo kan toka da shayi. Ya ɗauko kwalin ashana ya buɗe a gabanta.

Ta dubi guntayen. Fuskarta ta canza, amma ta girgiza kai.

“To na ji, ya karye, ka gyara. Wannan babbar magana ce, za mu san yadda za a yi. Amma layukan na kifin ne, Baba. Ai ka ce awon farko ya riƙe siffar. Daga can suka fito, ka kwafe su ba ka sani ba.”

“Nawa ne, Auta.”

“Don me za ka zana layi a haƙori? Wa yake yin haka? Na auna su, na gwada su da na kifaye goma sha ɗaya masu rai. Ba ka san abin da kake faɗa ba.” Muryarta ta fara tashi. Ba ta taɓa ɗaga masa murya ba, ya kuma gane ba rashin kunya ba ne, tsoro ne irin nasa.

Ya miƙa hannu zai ɗauko gwangwani ya nuna mata, amma waɗanda ke ciki duk ba a gama su ba, ba a kai ga allura ba. Waɗanda aka gama suna bakin masu su, sun watsu cikin gari. Ya tsaya da gwangwani a hannu, bai san abin da zai yi ba.

Sai uwar ta tashi daga kan benci. Ta je ta tura ƙofa ta sa sakata. Ta juya musu baya, ta kai hannu baki, sannan ta juyo ta ajiye wani abu a kan tebur ƙarƙashin fitila, ta ja gyale ta rufe rabin fuskarta.

“Sa madubinki ki duba,” ta ce ta cikin gyalen. Maganar ta fito da wata iska-iska da Auta ba ta taɓa ji ba.

Auta ta dubi haƙorin, ta dubi uwarta. Ta ɗauki madubin ubanta mai mariƙin katako, wanda take wasa da shi tun tana rarrafe, ta sunkuya. Ba ta daɗe ba. Ta ajiye madubin a hankali, ta sa kai a kan teburin cikin ƙurar filasta, ta yi kuka irin wanda ba ya fitar da sauti. Mai Haƙori ya miƙa hannu zai dafa ta, ya ga hannun, ya janye shi.

Da ta ɗago, kwalin ashanar ta jawo.

“Duka ne nan? Ba abin da ya faɗi ƙasa?”

“Har garin. Ban taɓa zubar da haƙori ba.”

“Gobe ƙarfe tara za mu je gidan tarihi. Ni zan yi magana.”

“A'a,” ya ce. Shi kansa ya yi mamakin jin ta. “Ni na karya.”

Washegari ya shiga ofis mai hatimi uku a kan tebur, ya ajiye kwalin ashana gaban ma'aji ya faɗi abin da ya yi tun daga kofin shayi. Ba a kira ɗan sanda ba. An yi abin da ya fi masa wannan ciwo: ma'ajin ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya juya ga Auta ya tambaye ta wa ya ba ta izinin kai kayan gidan tarihi shagon bayan layi. Aka cire sunanta daga masu gabatarwa a taron. Aka hana ta aron komai sai bayan shekara. Wata ƙwararriya ta yi wata huɗu tana cire aikinsa daga dutsen tana mayar da guntayen, ta kuma aiko a tambaye shi da me ya haɗa launin, don ta sha wuya kafin ta gane iyakarsa. Auta ba ta isar masa da saƙon ba sai daga baya, ta bakin uwarta.

Tsinin na gaskiya ya fi nasa kaifi kaɗan, kuma sumul yake, babu zane ko ɗaya. Aka sake zubi, aka sake gwaji, lambobi suka canza. Kifin dai ya tabbata mai mugun cizo ne a kan girmansa, amma ko ya taɓa fasa ƙashi a rayuwarsa, wannan ba wanda zai iya rantsewa. Babin da ta fi so a littafin digirinta ta cire shi da hannunta.

Ta ci gaba da zuwa gida kowace Asabar. Tana durƙusawa ta gaishe shi, ta tambayi ciwon bayansa, ta kawo masa magani. Shago ne ba ta ƙara takawa ba. Ya daina ba masu zama a kujerarsa labarinta, su ma suka lura suka daina tambaya. Duk lokacin da inuwa ta gifta ta bakin ƙofa sai ya ɗaga kai, ya ga mai giɓi ne, ya ce bismillah, shigo. Allurar kuwa ya jefa ta a kwata, bayan mako biyu ya sayi wata, domin wata malamar makaranta ta dawo da haƙorinta ta ce kowa a ajinta ya gane na roba ne.

Shekara ɗaya da wata biyar bayan haka, wata Litinin da hantsi, inuwa ta tsaya a ƙofar ba ta wuce ba. Auta ce, rungume da akwatin katako. Ta share tebur da kanta, ta buɗe, ta yaye auduga. Haƙori ne guda ɗaya na wani kifin dabam, ƙarami, bai fi ƙwayar wake ba. Ta ajiye gwangwanin ruwan roba, ta ajiye takarda mai layi goma sha biyu, da wata takardar mai hatimi wadda aka rubuta sunan shagon a ciki.

“Mai awon jami'a ya gwada sau biyu, bai fito ba,” ta ce.

Ya jira ta ce sai ta dawo, kamar wancan karon. Sai ta jawo benci kusa da teburin, ta zauna, ta ɗora jakarta a cinya. Ta miƙa hannu ta ɗauke kofin shayinsa ta ajiye a taga, ta zare allurar daga cikin kayan aikinsa ta soke a bakin gyalenta.

Ya goge hannuwansa a riga, ya sake gogewa. Bai taɓa jin tsoro a gaban teburin nan irin na ranar ba, ko ranar da dutsen ya karye. Ya ɗauki takardar, ya kai ta kusa da fitila.

“Kawo, Baba,” ta ce. “Ni zan karanta, kai ka yi. Layi na ɗaya.”